Shakazobar keken dutse ta ƙage: a gyara a gida ko a kai wa mai walda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Bauchi. Wata biyar ke nan da na sayi keken hawan dutse na hannu, ɗan Kwatano, mai shakazoba a gaba. Da farko tana lotsawa lafiya lau, yanzu ta ƙage, sai na danna da ƙarfi take motsi, ga wata ƙara mai ban haushi. Akwai kuma baƙin maiƙo a jikin ƙafa ɗaya ta shakazobar. Wani mai gyara ya ce in ɗura mata baƙin mai, wani ya ce a yi mata walda kowa ya huta. Zan iya gyarawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Za ka iya, kuma kada ka ɗauki ko ɗaya daga shawarwarin nan biyu. Baƙin mai zai ƙarasa abin da ƙura ta fara, walda kuwa kashe fok ɗin ne gaba ɗaya, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, wani lokacin har da hatsari ga mai waldar. Ba na zagin masu gyaran da ka je wurinsu. Yawancinsu a kan Raleigh da Phoenix suka koyi aiki, kekunan da ƙafarsu ta gaba ƙarfe ne zalla, kuma a wannan fagen ba wanda zai gwada musu gwaninta. Ka ba su ƙafa a karkace su ɗaure maka sifok ta miƙe sak. Amma fok mai shakazoba wata dabba ce daban.

Daga abin da ka kwatanta, fok ɗinka bai mutu ba, ƙishirwa yake ji. Mutane suna ɗauka duwatsu da ramuka ne ke kashe shakazoba. Ai don su aka yi ta. Abin da ke kashe ta a ƙasarmu ƙura ce. Dubi yadda abin yake: akwai sanduna biyu masu sheƙi a sama, suna shiga suna fita cikin ƙafafun ƙasa kamar wuƙa da kube. A bakin kowane kube akwai roba, wato sil, mai share ƙura daga jikin sanda. Ƙarƙashinta, a fok masu kyau, akwai zoben soso da aka jiƙa da mai, sannan can ciki akwai bushin guda biyu da sandar ke zamewa a kansu. Duk lokacin da fok ya lotsa ya dawo, ɗan abin da sil bai share ba yana shigewa. A Turai inda keken ya fito ana iya daɗewa kafin abin ya taru. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mutum ya fita ta hanyar Gubi ya dawo, girarsa ma fari fat take yi, balle sandar da ke da maiƙo a jiki. Ƙurar nan ta haɗu da ɗan man da ke ciki ta zama kamar samfefa mai ruwa. Baƙin zoben da kake gani a sandar shi ne wannan kwaɓin yana fitowa.

Sai dai ba ka faɗa mini sunan da ke jikin fok ɗin ba, kuma komai a kansa ya rataya, domin abin da ke shigo mana kashi uku ne. Akwai marasa suna, ko masu sunan da aka manna da sitika, waɗanda ake sa wa kekuna masu araha: ƙarfe ne mai nauyi, galibi da baƙar roba mai lanƙwasa-lanƙwasa ta rufe sandar, ciki ba komai sai sifirin. Irin wannan ka wanke, ka shafa giris, ka yi haƙuri da shi, bai cancanci ka kashe masa kuɗi ba. Akwai na tsakiya, su SR Suntour XCT da XCM, waɗanda su ne suka fi yawa a kekunan hannu. Sifirin ne a ciki, kuma da giris suke aiki, ba a zuba musu mai. Sai na sama, su RockShox Recon, Judy da Reba, da Fox, da wasu Suntour XCR, waɗanda da yawansu iska ce ke ɗaukar nauyi a madadin sifirin, kuma a RockShox da Fox akwai ɗan mai kwance a gindin kowace ƙafa. Gane mai iska ba wuya: duba saman ƙafar hagu idan kana kan keke, in ka warware ɗan murfi ka ga bawul irin na tayar mota, to mai iska ne. In kuwa abin murɗawa ka gani na roba da alamar ƙari da ragi, sifirin ne. Kada sitika ta ruɗe ka. Na sha ganin an rubuta Fox ɓaro-ɓaro a jikin fok ɗin da ko kusa bai taɓa jin ƙanshin kamfanin ba.

Kafin ka taɓa sifana, yi gwaji uku, don kada a yi aikin banza. Matse birkin gaba, ka riƙa tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, ɗora yatsa a wuyan keke, inda fok ya shiga firam. Idan a nan motsin yake, boris ɗin wuya ne ya saki, ɗauri kawai yake so, fok ba shi da laifi. Idan kuwa a bakin sil ka ji sandar tana wasa a cikin kube, bushin ne ya ci. Sannan goge sandunan tas ka bi su da farce daga sama har ƙasa, duk inda farcenka ya maƙale ka lura da wurin. Na uku shi ne mafi muhimmanci: haska fitila a kafaɗar fok, inda sandunan biyu suka haɗu da wuya, da kuma kunnuwan da ke riƙe ƙafar gaba. In ka ga tsaga ko da siririya ce kamar gashi, magana ta ƙare, ba gyara, sai canji. Fok da ya karye a gangara fuska yake kai wa ƙasa.

Kayan aikin ba su da yawa. Saitin alanki, musamman lamba 5, soket lamba 10 mai tsawo, guduma ta roba ko guntun katako, sirinji daga kemis, tsummoki masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare, siririyar sanda, da roba ta tarar mai. Na wanki kuma ka nemi sifirit a kemis. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da man birki, duk suna ɓata roba. WD-40 ma ba abin shafawa ba ne a nan, wanke ɗan man da ya rage yake yi ya bar sil a bushe.

Batun mai shi ne inda aka fi tambayata. RockShox sun daɗe suna cewa a zuba mai lamba 0W-30 a ƙafafun ƙasa na fok ɗinsu da yawa, tsofaffin kuma 15wt (lambobin kaurin mai ne), Fox suna da nasu mai suna 20wt Gold. Samun waɗannan a Wunti ko Muda Lawal sai an yi sa'a, galibi sai an yi oda. Abin da nake yi in ban samu ba, kuma ban ga illarsa ba, shi ne in yi amfani da sabon man shakazobar babur, ko sabon man inji na roba, wato sintetik, mara kauri. Aikin man da ke gindin ƙafa santsi ne kawai. Ka lura na ce sabo. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe da toka, zuba shi daidai yake da ka ɗebo yashi ka zuba da hannunka. Giris kuma mara kauri ake so, mai laushi kamar man shanu, irin su Slickoleum ko SRAM Butter. Giris ɗin boris na mota ya yi kauri, zai sa fok ya riƙa jan ƙafa, amma ga Suntour mai sifirin, in babu wani, shafa shi kaɗan ya fi barin ƙarfe a bushe.

To, ga yadda ake buɗe mai iska, in ɗauki RockShox misali tunda shi ya fi zuwa hannuna. Zaɓi wurin da ba iska, cikin ɗaki ko zaure, ka shimfiɗa buhu. Kada ka yi wannan aiki a tsakar gida ranar da hazo ya sauko. Wanke fok ɗin ta waje tukuna. Cire ƙafar gaba, kwance kan birki daga jikin fok ka rataye shi a kan keke da igiya, kuma ka gargaɗi yaran gida kada wanda ya matsa hannun birki, in ba haka ba fistin zai fito ka shiga wani aikin. Sace iskar duka, a hankali, kana danna fok ɗin. A gindin ƙafar dama akwai ɗan jan abin murɗawa, zare shi, wasu akwai ƙaramin sukuru a gefe da sai an sassauta. Yanzu sassauta notin gindin kowace ƙafa zagaye uku ko huɗu, kada ka cire shi. Ɗora alanki a kansa ka buga da gudumar roba har ka ji ya nutse ciki. Wannan bugun shi ke raba sandar ciki da kuben. Dalilin barin notin a ciki shi ne bugun ya sauka a kansa, zaren ya tsira. Daga nan ka cire notocin, ka tara roba, ka ja ƙafafun ƙasa su zame.

Abin da zai fito shi zai gaya maka tarihin keken. Na taɓa buɗe wani da mai shi ya ce shekara uku yana hawa tsakanin Yelwa da cikin gari bai taɓa sanin ana buɗewa ba. Ƙafar dama ta zubo da abin da bai kai cokali ba, launin kunun kanwa. Ta hagu ko ɗigo. Zoben soson ya bushe ya ƙanƙance, da na matsa shi sai gari ya riƙa zuba. Amma sandunan ba su ci ba, kuma bayan awa ɗaya fok ɗin ya dawo yana lotsawa da nauyin hannu ɗaya. Mai shi ya yi ta danna shi yana dariya, wai ashe haka abin yake tun asali.

Zaro zoben soson da abin da ba shi da kaifi, ka wanke shi da sifirit, ka matse, ya bushe, ka jiƙa shi a sabon mai ya sha ya ƙoshi. Naɗa tsumma a siririyar sandar nan ka goge cikin kowane kube har tsumman ya fito fari. Wannan shi ne ainihin aikin, kada ka yi masa gaggawa. Goge leɓen sil ciki da waje, ka duba ko ya tsage, ka kuma tabbata ɗan siririn sifirin da ke zagaye da bakinsa yana nan. In sil ɗin lafiya yake, bar shi. In ya yage sai sabo, kuma da kaurin sanda ake sayensa: misali milimita 30, 32, 34, 35 ko 36. Lambar da ke cikin sunan Fox 32 ko Fox 36 kaurin sandar ke nan. Kada ka bari a lallaɓa maka oyil sil na babur, yana kama sanda da ƙarfi fiye da kima, nauyin mutum a keke ba zai motsa shi yadda ya kamata ba.

Wajen mayarwa, mai da soson, shafa giris a cikin sil, ka zura ƙafafun a hankali kana lura kada leɓen robar ya naɗe ciki. Tura su rabi, ka juya fok ɗin ramukan noti su kalli sama, ka zuba mai da sirinji ta ramukan. Adadin kaɗan ne ƙwarai, a yawancin RockShox tsakanin mililita 5 zuwa 15 ne a kowace ƙafa, kuma ya danganta da samfuri da shekara. Akwai lamba a bayan kafaɗar fok, da ita za ka nemo takardar kamfanin a intanet ka ga adadin naka daidai. A nan na taɓa yin wauta a farkon koyona. Na ce ai mai ba ya yawa, na ɗura kusan rabin kofin shayi a kowace ƙafa. Fok ya lotsa rabi ya tsaya cak kamar ya daki dutse, domin mai ba ya matsuwa, ya cike gurbin da sandar za ta shiga. Da na hau na faɗa rami na farko, sai ga sil ya yi tsalle ya fito, mai ya wanke mini faifan birki. Garin neman gira na kusa rasa ido. Ka auna da sirinji.

Ƙarasa turawa har sandunan ciki su leƙo ramukan, ka sa notoci. Kowane yana da 'yar washa da ke hana yoyo, in ta lanƙwashe a canja. Ɗaurin kusan 7 Nm ne, wato ɗauri na hannu ɗaya da guntun alanki. Ba notin tayar mota ba ne da za a taka da ƙafa.

Idan naka Suntour ne mai sifirin, aikin ya fi wannan sauƙi. Noti ne a gindi, yawanci lamba 10, ka kwance ka zare. Ba mai, ba sirinji. Wanke, shafa giris a sanduna da bushin da cikin sil, ka mayar. Matsalarsu ruwa: sil ɗinsu ba shi da ƙarfi, damina ɗaya ta isa ruwa ya kwanta a gindin ƙafa, sifirin ya yi tsatsa. In ka ga jan ruwa ya zubo, sai ka buɗe murfin sama ka zaro sifirin ɗin ka goge shi ka shafe shi da giris. Murfin na roba ne mai haƙora, yana da sifanarsa ta musamman, in ka sa masa filaya da ƙarfi zai taune. Abin kulle fok da ke ƙafar dama kuwa a rufe yake daga kamfani, in ya mutu sai dai a canja shi ɗungurungum, ko a hau haka, ba ya hana tafiya.

Sandunan irin waɗannan ƙarfe ne da aka yi wa rufin sheƙi, haka ma RockShox masu laƙabin Silver. Sa maganaɗisu, in ya kama to ƙarfe ne, yana tsatsa. Ɗigon tsatsa ƙanana suna fita in ka dunƙule takardar alminiyam ta kicin ka goga da ɗan mai. Ƙarzuwa mai zurfi, wadda farce ke maƙalewa, ita ce ke yanka sil kullum. Dabarar ita ce ka rage kaifin bakinta da samfefa mai laushi sosai, lamba 1000 ko sama, a jiƙe, a daidai wurin kawai. Goge da sifirit, ka cike ramin da jan farce na mata ko gam mai haɗi biyu, ya kwana, ka sake bi da samfefa har ya yi daidai da jikin sanda. Ba kyau zai yi ba, amma yana riƙewa. In kuwa launin sandar ya goge a tsaye, dogon layi fari, bushin ya riga ya cinye ta, wannan sai dai a lallaɓa har a samu wani.

Mai iska yana buƙatar famfonsa na musamman, ƙarami mai agogo, wanda ke kaiwa 300 psi. Kada ka kai wa mai faci. Ɗakin iskar ƙarami ne, ɗan tsit ɗin da ke fita wajen cire tiyo ya isa ya zubar da rabin abin da aka sa, ga kuma ruwan da ke cikin tankin kwamfuresa. In famfon ya yi maka tsada, ku haɗa kuɗi da abokan hawanka ku sayi ɗaya, ba kullum ake buƙatarsa ba. Yawan iskar da nauyinka ake aunawa. Ɗaura siririyar roba a sanda, ka tura ta ƙasa ta taɓa sil, ka hau a hankali kana dafe da bango, ka sauka ba tare da ka yi tsalle ba. Tazarar da robar ta matsa ita ce abin dubawa, ana son kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na tsawon lotsawar fok. Mai lotsawar milimita 100, kusan milimita 20 ke nan. In ta wuce ƙara iska, in ba ta kai ba rage. Jan abin murɗawar nan na gindi shi ke saita saurin dawowa, a RockShox ma har hoton kunkuru da zomo suka sa. Fara daga tsakiya. In fok na harbo ka bayan rami, matsa wajen kunkuru. In ka bi hanya mai gargada ka ji yana ƙara nutsewa bai dawowa, matsa wajen zomo.

Inda zan ce ka tsaya shi ne cikin ƙafar dama ta sama, wato damfa, ɓangaren da mai ke bi ta ƙananan ramuka yana rage gudun fok. Shi man da ke ciki kaurinsa da adadinsa duk da ƙa'ida, yawancin RockShox masu sauƙi 5wt suke sha. A karon farko a bar kaza cikin gashinta. Alamar ya samu matsala ita ce fok ya riƙa dawowa da ƙarfi yana bugawa ko ka murɗa jan abin nan, ko kuma ka buɗe gindi ka ga mai mai yawa ya zubo fiye da abin da ya kamata. Sannan ne za a nemi wanda ya saba. Walda kuwa, ban da ɓata fok, ƙafafun ƙasa na masu kyau da maganiziyam ake yin su, ƙarfen da in ya kama wuta yake ci da farin haske, ruwa kuma ƙara masa yake. Idan har ka gaji da shakazoba, sayi fok sandararre ka sa, ya fi sauƙin nauyi, ya fi aminci. Ka dai tabbata ya dace da girman ƙafar kekenka, inci 26 ne ko 27.5 ko 29, da kaurin wuya, da irin birkinka.

RockShox sun ce a yi wannan wankin ƙafafun ƙasa duk bayan awa 50 na hawa, babban gyara kuma bayan awa 100 ko 200, gwargwadon samfuri da shekara. Mai hawa awa ɗaya kullum bai cika wata biyu ba ya kai 50. Ni abin da na tsayar wa kaina shi ne sau ɗaya in damina ta ɗauke, sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya kafin ruwa ya sauka. In kuma za mu fita wajen Dass ko gindin dutsen Zaranda, ina yi da mako guda a gaba, ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin haka, duk ka dawo ka goge sandunan da tsumma mai laushi kafin ka jingine keken. Jefi-jefi ka kifa shi ƙafafu sama na minti biyar, man gindi ya gangaro ya jiƙa soso, sai dai ka matsa birki sau da yawa kafin ka hau in na mai ne. Kuma ka raba kekenka da masu wankin mota. Ruwan injinsu yana tura ƙura ta wuce sil, ya kuma wanke giris ɗin boris. Bokiti da soso sun isa.

Tunda ka ce akwai maiƙo a ƙafa ɗaya, duba ko ta hagu ce, domin a nan birki yake. In mai ya taɓa faifan, goge shi da sifirit, in kuma ya shiga takalmin birkin har yana kuka ba ya kamawa, canja shi, wanki ba ya fitar da mai daga cikinsa. Sarƙa ma kada ka yi mata wanka da baƙin mai yadda aka saba. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, ka goge na waje tas da tsumma.

Ka turo mini sunan da ke jikin fok ɗin da lambar bayan kafaɗarsa, ka kuma gaya mini ko ka ga bawul a saman ƙafar hagu. Da su zan faɗa maka girman sil da adadin man da naka yake sha.